Ajiyar da Ba a Dawowa Ɗauka

Ban taɓa zaton zan yi tsawon ran da zan ga an ce wa mace mai yunwa ta rungumi buhu ta kalli waya ta yi murmushi ba, amma na gani da idona, a filin wata makaranta da ke bayan gidanmu a Gwadangaji. Rabon tallafi ake yi. Tun hantsi aka tara mata a rana, kowace da 'yar takarda mai lamba a hannu, shi kuwa babban baƙon da ake jira bai ga damar isowa ba sai da aka kira la'asar. Ni ba karɓa na je ba, daga dubiyar mara lafiya nake, son gani irin na tsufa ya tsayar da ni a gindin dogon yaro. A cikin layin na hango wata mata da na sani, mijinta malamin makaranta ne kafin ya rasu, mace mai kamun kai wadda ko gishiri ba ta taɓa aikowa a sam mata ba. Da aka zo kanta sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani saurayi mai riga da rubutu a baya, wanda a haife ta haife shi, ya ce mata, "Mama, buɗe huska, in ba a ga huska ba ba su karɓar hoton." Ta buɗe. Na bar wurin ina jin kamar ni aka kwance wa zane a kasuwa, har na isa gida ina faɗa ni kaɗai a hanya, masu wucewa suna kallona.

A Argungu na tashi, a unguwar masunta, inda in mutum ya yi kira daga bakin gulbi ana iya amsa masa daga tsakar gidanmu. Babanmu yana su, yana kuma noman shinkafa a fadama. In na rufe ido yanzu, ƙarar garin ce take fara zuwa mini kafin kamanninsa. Da asuba kwaɗi su yi shiru, sai ka ji goruna suna ƙwanƙwasar jikin jirgi maza za su fita, sai tarin tsofaffi a hanyar masallaci, daga nan sai turame su karɓa. Kowane gida da muryar turminsa. Namu ya tsage a gefe an ɗaure shi da fatar sa, saboda haka yana amsawa kamar mai mura, daga ƙarshen lungu ana gane shi. Mu 'yan mata ba mu san zama ba. Mu ɗebo ruwa, mu jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, a turara ta, mu shanya a tabarmi mu zauna gadin kaji, in an kawo kifi mu tsaya kan banda hayaƙi yana cin idonmu har mu koma kamar masu kukan mutuwa. In shinkafa ta fara nuna kuma a tura mu korar tsuntsu, mu wuni muna ihu muna kaɗa gwangwani, mu dawo murya a dishe. Zana ce tsakanin gida da gida, ba ta ɓoye komai. Tsofaffin mata suna daga kwance suke sanin gidan da ake sussukar gero, da gidan da ake dakan dusa, da gidan da taɓarya ba ta tashi ba sam. Ba su cewa komai, amma suna ji.

Wata shekara ruwa ya yi gyara. Shinkafa ta fara fitar da kai ke nan gulbi ya hau ya shafe fadama, ya haɗa da jirgin babanmu ya tafi da shi. Babanmu ya kwana biyu yana bin ruwa yana nema, bai samu jirgi ba, ya samo ciwon ƙirji da ya kwantar da shi har bayan kaka. Abin da ke rumbu muka ci muka share. Inna, mahaifiyarmu, ta koma tura mu tonon bado, ta haɗa da tafasa ta dafa mana. Ta kuma kafa mana doka, kada wanda ya leƙa gidan kowa in an kusa sauke tukunya, ko an kira shi ya ce ya ƙoshi. Ni lokacin ban wuce a aike ni kasuwa in manta rabin saƙo ba, amma na san yunwa, na san yadda take sa mutum ya ji haushin kowa. Safiya uku turminmu bai yi magana ba.

Rana ta huɗu, da tsakar rana kowa yana gida, sai muka ji hayaniya daga bakin lungu. Wata tsohuwa ce mai daddawa da duk unguwa ke kira Goggo, ba mu haɗa komai da ita ba, mace mai faɗa wadda yara ke canza hanya in sun hango ta. Tana tafe tana zage-zage, matan 'ya'yanta biyu suna biye da dammunan gero a kai.

"Gara ta gama da ni," take cewa, yadda kowane gida zai ji. "Rumbuna dut ya zama ƙasa, kuma na haihi maza huɗu ba mai amfani ko guda. Ke matar gidan ga, in kina da wuri ki aje min geron ga kahin in samu mai gyara."

Inna ta fito tana gyara ɗaurin zane, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Wurin dai ƙarami na, Goggo, amma su shigo da shi, mu matsa."

Aka jibge gero a ɗakin Inna. Goggo ta juya tana ci gaba da tsine wa gara da 'ya'yanta har muryarta ta ɓace. Inna ta jira kaɗan, sannan ta zaro zangarniya ta zuba a turmi ta ce in ɗauko taɓarya. Na tsaya ina kallonta. A makarantar allo an gaya mana abin da ke jiran mai cin amana, ga uwata da kanta tana dakan geron mutane ko kunya babu. Tuwon kam na ci, ban bar ko loma ba, har da suɗe kwano. Amma da gari ya waye abin ya tsaya mini a rai, na zame na tafi gidan Goggo, na same ta tana shanyar kalwa. Na durƙusa na ce, "Goggo, Inna na cin geronki."

Ban ga lokacin da hannunta ya kai kunnena ba. Ta murɗe shi ta jawo ni har ina jin warin daddawa a numfashinta, ta yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Wane gero? Ni ina da gero gidanku? In na ƙara jin zancen ga bakinki ko bakin wani yaro, sai na yanke kunnen ga na sa cikin tukunyar kalwa."

Na koma gida ina kuka na faɗa wa Inna. Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, dariyar ta juye ta zama hawaye, ta zaunar da ni tana shiƙa tana magana. Ta ce, "Ajiya iri biyu ta. Akwai wadda aka ƙirgawa gaban mutane, wannan amana ta, ko mutuwa kika yi ba ki taɓa ta. Akwai wadda aka kawowa gidan da turmi yay yi shiru. Wagga ba a dawowa ɗauka, ba a godiya, ba a tada zancenta. Ranar da Allah yab buɗa miki, ki ɗauki taki ki kai wani gida, ki ce gara ta dame ki."

Haka kuwa aka yi. Bayan shekara biyu ni na ɗauki ƙwaryar shinkafa a kaina ina bin Inna zuwa wani gida, tana tafe tana kukan gara kamar gaske. Ban san halittar da aka yi wa ƙazafi irin gara a unguwarmu ba. Maza ma suna da tasu dabara. Mutum ya kai wa ɗan'uwansa homar kamun kifi lafiyayya ya ce ya taimaka ya gyara masa, da yamma ya aiko da kifi a ce ladan gyara ne. Wanda aka bai wa yana tafiya da kansa a sama, wanda ya bayar yana yi kamar shi aka yi wa alfarma. Har Goggo ta koma ga Allah ban taɓa jin babanmu ya ce mata ya gode ba, sai dai ranar da ta rasu shi ya fara isa maƙabarta da magirbi.

Yanzu ina zaune a Birnin Kebbi, unguwar Gwadangaji, wurin ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ma'aikaci ne, ya fita da safe sai magariba. Kowa yana ce mini Hajiya. Gidajen nan na bulo ne, katanga ta fi mutum tsawo, ƙofa ta ƙarfe, sai ka buga a tambaye ka wane ne kafin a buɗe. Inji ya kashe turmi, gas ba ya hayaƙi, maƙwabcinka zai kwana uku bai ɗora tukunya ba kana gaisawa da shi a masallaci yana cewa lafiya lau. Ba zan yi ƙarya in ce taimako ya ƙare ba, ya ma fi na da yawa. Ƙungiyoyi suna bayarwa, masu kuɗi suna bayarwa, masu neman ƙuri'a suna bayarwa. Abin da ke cina shi ne, kafin hatsi ya shiga bakinka sai an rubuta sunanka da na mijinka da yawan 'ya'yanka, sai ka tsaya a gaban unguwa ka amsa cewa kai ne wanda ya kasa. Bayan nan hotonka ya shiga wayoyi ya yi ta yawo, har dangin da kake ɓoye wa halinka su gani suna kwance a gadonsu.

Bayan ɗakina akwai wani ɗan gidan haya, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Wata yarinya ce a ciki mai suna Kulu, da mijinta birkila da 'ya'ya uku. 'Yar nan ƙasar ce, amma a kudu ta girma, ubanta direban babbar mota ne, sai da aure ya zo ta dawo. Tana da ladabi, ba ta gaishe ni a tsaye, tana kuma ɗan taɓa ɗinki da kekenta. Da damina ta kama, mijin ya faɗo daga kan wani gini a Badariya, ƙugu ya goce, aka yi masa ɗori aka kwantar da shi a ɗaki. Tagata tana kallon madafinsu, kuma ni kunnen da na taso da shi bai mutu ba. Kullum da safe nakan ji Kulu tana kankarar ƙanzo a tukunya kafin ta wanke. Sannu a hankali kankarar ta koma yau a ji gobe ba a ji ba, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Keken ɗinkin ne kawai nake ji jefi-jefi. Na leƙa dubiya, ta tarbe ni da fara'a, na tambayi gida ta ce sai godiya, yaran suna zaune a tabarma shiru, irin shirun da na sani.

A daidai wannan lokaci wata ƙungiya ta aiko a tattara sunayen gidajen da wani abu ya faɗa wa, za a yi musu rabon gaggawa, shinkafa da mai da ɗan abin cefane. Ɗana yana cikin kwamitin masallacin unguwa da aka ɗora wa rubutun. Ya shigo gaishe ni da takarda a hannu yana murna, ya ce ya sa gidan birkila, nan da mako za a raba a filin makaranta. Filin nan dai da na tsaya a gindin dogon yaro. Raina ya ɓaci nan take.

Na ce, "Cire sunansu."

Ya ce, "Hajiya, mi sunka yi?"

Na ce, "Ba su yi komi ba, shi ya sa. Ba ka kai ɗiyar mutane ka tsaida rana, yaro ƙarami shi ce ta buɗe huska."

Ya zauna a bakin gado ya yi mini magana a hankali, irin yadda suke yi wa tsoho in suna ganin ya rikice. Ya ce, "Masu aiko da kayan ga ba su nan garin. In ba su ga hoto ba sai su ce mun cinye, kuma an sha cinyewa, Hajiya, ba ƙarya suka yi ba. Sannan wuri guda na, in na cire su wani za a sa, ba a maida shi."

Na san akwai gaskiya a maganarsa, ita ce ma ta ƙara mini haushi. Na ce, "Ni na ɗauke musu. Yadda anka yi muna haka za ni yi musu, ba da takarda ba, ba da waya ba." Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce to. Bai taɓa ƙin bin maganata ba tun yana yaro, da ma ranar ya ƙi. A gabana ya ja layi a kan sunan.

Ina da shinkafa fiye da rabin buhu da ƙanena ya aiko mini daga Argungu, gyararriya, na ɗinke bakin buhun da zare da kaina saboda ɓera. Washegari da tsakar rana na sa mai baro ya tura mini ita zuwa ƙofar Kulu, na bi bayansa ina ɗaga murya. Gara ba ta cin bulo, saboda haka na ɗora wa ruwan sama. Na ce sitona yana yoyo, na yi magana har na gaji, ɗana ya ƙi kawo mai gyaran kwano, yaran zamani ba su san darajar hatsi ba. Har cikin raina ina jin daɗin kaina, ina jin muryar Goggo tana fita daga bakina. Na ce, "Kulu, in kina da wuri ki aje min shinkahwar ga kahin a gyara."

Ta durƙusa ta ce, "Akwai wuri, Hajiya. Allah shi ba mu ikon riƙe amana."

Mijin ya ɗago murya daga ɗaki ya ce in ya miƙe shi zai hau ya duba mini kwanon. Na ji kalmar amana sarai, amma sai na ce a raina yarinyar nan ta iya, ta ma fi Inna iya taka rawar. Na koma gida na ci abinci da yawa a ranar.

Kwana biyu tsakani aka aiko matar ƙanena ta rasu. Na tafi Argungu, aka yi uku aka yi bakwai, ƙanena ya ce kada in bar shi tukuna, na zauna sai da na kusa mako uku. Garin ma ya zama abin da ya zama. Inda gidanmu yake an yi shaguna, zana ta ƙare, da asuba ƙarar injin ban ruwa da babura ke tada mutum. Wata rana muna zaune da 'ya'yan ƙanena mata, manya da aurensu, na tambaye su ko sun san ajiyar da ba a dawowa ɗauka. Suka kalli juna. Ɗaya ta ce ai wannan sata ce ko mantuwa. Na yi musu faɗa son raina, na ce an haife su a bakin gulbi amma ba su san komai ba sai latsa waya. Suka ba ni haƙuri suna danne dariya. Ina wannan faɗan, ko sau ɗaya hankalina bai koma Gwadangaji ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Na dawo da yamma a gajiye. Da safe na kasa kunne wajen taga. Ba kankarar ƙanzo, ba ƙarar keke, ba hayaniyar yara. Na ɗauki mayafi na zagaya. Kulu ta buɗe mini, na ga wuyanta ya fito, ƙaramar 'yarta tana goye ta kwantar da kai. Ta yi mini gaisuwar rashi, sannan ta ce in shigo in ga kayana. Buhun yana kusurwar ɗaki, an jera bulo an ɗora katako an aza shi a kai don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi, an lulluɓe shi da leda, an ƙara da wani zane mai kyau da na san na fitar biki ne. Ta yaye zanen. Ɗinkina yana nan yadda na yi shi, zare ɗaya bai motsa ba. Kusa da shi, a kan siminti, ga sawun ƙafafu huɗu inda keken ɗinki yake tsayawa.

Ta ce, "Ga ajiyarki, Hajiya, ko ɓera bai taɓa ba. Kullum sai na duba."

Na ce, "Ina keke?"

Ta ce, "Mun sai da."

"Ina yara?"

"Manyan suna Augie wurin kakarsu. Can ko ba komi akwai tuwo."

Na ce, "Kulu, da shinkahwa cikin ɗaki?"

Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ai taki ta, Hajiya."

Faɗa ya taso mini har wuya. Na buɗe baki zan ce wace irin yarinya ce wannan da ba ta gane magana, wace uwa ce za ta kwana da hatsi a kai 'ya'yanta suna kuka. Sai na tuna da kaina. Ni da aka haifa a cikin abin, a unguwar da kowa yake yi, sai da aka murɗe mini kunne aka zaunar da ni aka yi mini bayani kafin na sani. Ita wa ya zaunar da ita? Mu da muka sani an ce kada mu tada zancen, muka riƙe bakinmu gam, ba mu gaya wa 'ya'yanmu ba, ba mu gaya wa jikoki ba, sannan muna jin haushi ba su sani ba. Ɗana da na haifa ma bai san abin da nake nufi ba ranar da na ce na ɗauke musu, ya dai yarda ne don ni uwarsa ce. Yarinya ta riƙe abin da aka koya mata, ta riƙe shi da yunwa a cikinta, ni ce na je neman gira na rasa ido.

Tana mayar da zanen kan buhu ta ce, "Hajiya, da ma ina son in tambaye ki wani abu, tunda ɗanki na cikin kwamiti, ni kunya ta hana in tare shi. Ranar da anka yi rabo na sa hijabi na tahi hilin. Na samu wani dattijo mai riƙe da takarda, yad duba yac ce da akwai sunanmu amma an soke, wai wani bawan Allah ya ɗauke muna. Sai niy yi murna, na dawo gida ina jira. Duk wanda yab buga ƙohwa sai in tashi da gudu. Na hana a sai da keken har kwana goma, ina cewa gobe shina zuwa. Har yau bai zo ba. Ko kin san ko wane na?"

A rayuwata na kai ajiya gidaje da dama, ban taɓa buɗe baki na ce ni na bayar ba. Na tsaya ina kallon zanen nan na biki. Daga cikin ɗaki na ji mijin ya daina motsi, yana saurare.

Na ce, "Ni ta. Ni na sa anka soke. Shinkahwar ga taku ta tun ranar da na kawo ta, sitona bai yoyo."

Kulu ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi buhun, ta dubi inda keken yake, ta gyara goyonta. Da ta yi magana, ba da faɗa ta yi ta ba.

Ta ce, "Da kin bari an ɗauke mu hoton, Hajiya. Wallahi da na tsaya."

Duk maganganun da nake da su a kan mutunci da rufin asiri, waɗanda na cika wa ɗana kunne da su, babu wadda ta yarda ta fito a ɗakin nan. Na ce ta ba ni wuƙa. Ta kawo, na yanke zaren da hannuna, na buɗe bakin buhun, ƙanshin shinkafar gida ya tashi, yarinyar da ke goye ta ɗago kai. Kulu ta ɗauko kwano ta matso, sai ta tsaya da shi a hannu ba ta sa a buhun ba.

Ta ce, "Nawa za ni ɗiba, Hajiya?"

Shinkafar da na so ta ci ba tare da ta tambayi kowa ba ke nan. Na ce ta cika tukunya, na nemi gefen bulon na zauna.